Shekarar da Na Kori Mutane daga Tuwon Juma'a

Uwani, ranar sunan ɗanki kin leƙa falo kin ga kujerun da muka aro rabinsu babu kowa, kika juyo kika tambaye ni da Larabci, yadda kuka saba, wai me na yi wa mutanenmu. Na ce ki je ki kula da baƙinki. Na san ba amsa ba ce. To ga amsar nan, ke da ƙanenki Bashir, kuma da gangan na rubuta ta da Hausa, don ku zauna ku bi ta a hankali, ku sha wuyar karatu kamar yadda na sha wuyar rubutu. Ni ba ɗan boko ba ne. Ɗan abin da na iya a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi a Bichi, kafin in zo ƙasar nan. In kun ga kuskure ku wuce, ba jarrabawa nake yi ba. Kun taso kuna jin ana cewa ubanku marowaci ne, wanda ya kori dattawa daga kan akushi. Korar gaskiya ce, na yi ta da bakina, kuma da za a dawo da ranar sake yi zan yi. Dalilin ne ba ku sani ba.

Lokacin muna tsohon gidan nan na bayan Khalidiyya, hawa na biyu, mai matattakala ƙunci. Aikina kun san shi, bai canza ba: in ɗauko dabino daga gonar kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a takardar zama, a Khaibar in rarraba wa shagunan tsakiyar gari. Tun kafin a haife ku, duk Juma'a in an sauko daga masallacin Manzon Allah, gidanmu mutanen gida suke nufa. Ba ni na shirya hakan ba. Ummanku ce ta iya tuwon shinkafa da miyar kuka, mahajjata kuma ba sa fasa kawo mana kuka da daddawa tsaraba, Bahaushe kuwa in ya ji ƙamshin daddawa a ƙasar da ba tasa ba, ƙafarsa ba ta jiran gayyata. Masu wanke kwanuka a otal, direbobi irina, masu tura keken tsofaffi a Harami, mutanen Kano da na Maraɗi da na Damagaram, maza a falo, mata a ɗakin Ummanku, takalma har kan matattakala. Mutum biyu ne ba sa fashi. Na farko Baba Ɗan'inna, tsoho mutumin Damagaram, wanda ya zo aikin Hajji tun muna yara ya ƙi komawa. Ba shi da igama, wato takardar zama, ba shi da kafili, asawaki yake shimfiɗawa a kan wani tsumma yana sayarwa, in ya hango masu kamu ya naɗe. Burinsa ɗaya a duniya, ya mutu a Madina a binne shi a Baƙi'a. Na biyu Sani mai gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, Bazazzagi, abokin wasana kuma aminina. Shi tun daga ƙasa za ka ji shi yana tambaya ina bawan nan nasa Bakano, an gama tuwon ko sai ya hau da bulala. Ni kuma in ce Bazazzagi ba ya jin kiran salla sai ƙarar murfin tukunya.

In an ci an wanke hannu an kawo shayi, sai waya. Layina yana da rangwamen kiran waje, saboda haka tawa ake amfani da ita. Wannan zai kira ƙauyensu, in ya gama wancan ya kira nasu, kuma ko wane gida aka kira, wayar sai ta zagaye ɗakin kowa ya gaisa, ko ya san mutanen ko bai san su ba. Ku 'yan yanzu kuna ganin abin ɓata lokaci ne. A wurinmu mutum ya kira gida yana zaune cikin jama'a bai miƙa an gaisa ba, kamar ya ci abinci ne bai ce bismilla ba. Kuma ba a miƙa waya haka kurum kamar ana miƙa gishiri, sai an gabatar da mutum. Ni ne mai gida, ni ke miƙawa, ni ke faɗa: ga Baba Ɗan'inna na Damagaram ku gaisa, ga Sani ɗan Malam Bala mai gyaran esi, ga wane mijin wance da ke aiki a otal kaza. Daga gaisuwa kuwa sai labari. Wanda ya iso, da hanyar da ya biyo, da wanda takardarsa ta mutu, da wanda ya gudu daga kafilinsa yake kwana a ɗakin wane. Duk a layi ɗaya, layin kuma da sunana yake, yatsana na ɗora a na'ura kafin a ba ni shi.

A shekarar da nake ba ku labari, wata tawaga ta zo daga gwamnatin gida, za su tattauna da hukumomin nan a kan wani abu da ban sani ba, su yi umra, su yi ziyara. A cikinsu akwai Alhaji Mudi, ɗan unguwarmu a Bichi. Tare muka yi kiwon awaki, shi ya bi boko ya zama ma'aikaci a ofishin wani babba, ni na bi mota. Ya neme ni, ya zo tuwon Juma'a, ya naɗe hannun riga ya ci da hannu yana ta sa wa Ummanku albarka. Sani ne ya lura babu waya a jikinsa, ya tsokane shi wai babban mutum guda ko an ƙwace masa ita a filin jirgi. Mudi ya ce a masauki ya baro su duka.

"Wayar da suka ba mu kyauta muna sauka, da ɗakin da suka sauke mu, duk kunne ne. A aikinmu, Iliya, maƙiyi ba ya samun kusantar da zai ji ka. Aboki ne ke ji. Mu ma in nasu suka je can haka muke yi musu, kayan aikinmu ne dai ba su kai nasu ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ɗauka zancen manya ne, irin wanda ake yi don a burge talaka. Da waya ta zagayo kansa na gabatar da shi da sunansa da na ofishinsu, da alfahari ma na yi. Ya gaisa da mutanen, sannan ya ce in ara masa minti kaɗan zai kira gida, ya fita kan matattakala. Har shayinsa ya huce bai dawo ba. Juma'ar da ta biyo ma haka ya yi. Tawaga ta gama ta tafi, ya bar wa Ummanku atamfa, ni hula, na manta da zancen.

Bayan wasu makonni ina loda kwalaye a Khaibar, kafilina ya kira ni gefe. Tsoho ne mai yawan magana, amma ranar bai kalli fuskata ba. Ya ce akwai mutanen da suke son ganina gobe da safe, ya kwatanta mini wurin, ya ce in sa farar jallabiya kuma kada in makara. Na tambaye shi su wane ne, ya ce shi ma tambayata zai yi ko na aikata wani abu. Hanyar Khaibar zuwa Madina na san ta kamar tafin hannuna, baƙaƙen duwatsun nan hagu da dama, amma ranar ban san yadda na iso ba. Ina tuƙi ina tona kaina. Ban buge kowa ba, ban ɗauki kayan kowa ba, ban taɓa ɗaukar fasinja ba tare da izini ba. Duk kyamarar da na wuce a kan hanya sai in ji kamar da ni take. Na iso gida na ci abinci kamar mai lafiya, na ce wa Ummanku gobe zan je sabunta takardar mota.

Ginin ba shi da allo. Suka karɓi wayata a ƙofa, aka kai ni wani ɗaki mai sanyi har cikin ƙashi, aka kawo gahawa da dabino. Ba wanda ya ɗaga mini murya, ku rubuta wannan, ba a zage ni ba, ba a taɓa ni ba, kuma na gwammace da an yi, da na san inda na tsaya. Mutum biyu ne. Wani babba mai furfura a gemu wanda bai cika magana ba, da wani matashi baƙi irinmu da ya ce in kira shi Abu Nayif. Ɗan ƙasa ne, amma kakanninsa da ƙafa suka zo daga ƙasarmu tun zamanin da. Yana jin Hausa sarai, da Larabci yake amsawa, kamar ku. Ya tambayi lafiyata da ta iyali, sannan ya danna wani abu a kan tebur.

Muryar da ta fara fitowa tawa ce. Ga wane ku gaisa, ga wane ku gaisa. Na ji tarin Baba Ɗan'inna, na ji Sani yana zagin Kanawa, na ji dariyar Ummanku daga ɗaki, irin wadda take yi in ta manta akwai maza a falo. Can baya kuma ga kukan jariri, kai ne Bashir, lokacin kana haƙori. A ranar da nake zaune a ɗakin nan kuwa har ka fara zuwa makaranta. Nan na gane ba kwanakin Mudi kawai suke da su ba. Abu Nayif ya tsallaka ya sa wata Juma'ar, da wata, kamar mai zaɓen goro a huhu. Na ji wani yaro da ya daɗe da komawa gida yana ba wa uwarsa labarin yadda ya tsere daga kafilinsa. Na ji mutanen da suka mutu suna gaisawa. Gahawar tana hannuna, na kasa sha, na kasa ajiyewa.

"Ba mu muka fara jin ku ba, ya ammi," in ji Abu Nayif, wato kawu da Larabci.

Ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa tsoho shan magani. Wai akwai wata ƙasa mai nisa, abokiyarsu ce kuma abokiyar ƙasarmu ce, ita ke sauraren wayar uban gidan Mudi can gida. Suka ga lambar Madina, wato tawa da Mudi ya ara, tana kiransa daidai kwanakin tattaunawa, suka aiko suna tambayar ta wane ce. Su na nan abin ya ba su haushi, baƙonsu ya sulale daga kunnensu har sai da wani ya nuna musu. Shi ne suka buɗe rumbu. Ya ce inji ne ke tara komai na kowa, ba mai zama ya saurara sai ranar da aka nemi mutum. Na ce masa ni dai abin da na sani ƙasarmu da ƙasar nan 'yan'uwa ne, addini ɗaya, alƙibla ɗaya. Ya maimaita wa babban, babban ya murmusa ya ce ai duk wanda ke cikin maganar nan aboki ne, babu maƙiyi ko ɗaya.

Na ɗauka hukunta ni za su yi, ashe yabona za su yi. Suka ce ba su taɓa samun layi mai tsabta kamar nawa ba, kowace murya da sunanta da na ubanta da garinsu da wurin aikinta. Abin da suke so ba shi da wuya: in ci gaba yadda nake. Tuwon Juma'a kada ya tsaya, in tawaga ta zo daga gida in gayyato su, waya ta ci gaba da zagayawa, ni kuma in ci gaba da faɗin sunaye. Lokaci lokaci za su kira ni in warware musu laƙabi, don mu Hausawa ba ma kiran mutum da sunan da ke takardarsa. Misali, in ji Abu Nayif, wannan Ɗan'inna wane ne a takarda? Na ce tsoho ne, haka muke kiransa, ban san masa wani suna ba. Gaskiya na faɗa, ban sani ba. Ya ce ba gaggawa, in bincika. Da na tashi, babban ya riƙe hannuna ya faɗi watan da igamata za ta ƙare, da ta Ummanku, da taku, ya ce Allah ya sa a sabunta lafiya. Ya ƙara da cewa zaman nan tsakaninmu ne, ko matata ba ta da buƙatar sani.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Wayar nan da nake kwana da ita a gefen matashi ta koma mini kamar kunama a aljihu. In na bar ta a mota sai in ce za su lura na bar ta, in na shigo da ita sai in kasa cewa Ummanku ko sannu da aiki. Na fara magana a gidana kamar mai ba da shaida a kotu. Ke Uwani kin zo kina ba ni labarin wata malamarku, na daka miki tsawa ba dalili, na san kin tuna. Ina salla ina lissafin mutanen da na ambaci sunayensu shekara da shekaru. Abinci ya daina shiga. Ummanku ta ce ko sukari ne ya tashi, ta jiƙa mini hulba.

Juma'a ta zo na ce bari in gwada dabara. Bayan shayi na ce wayata ta lalace. Sani ya ce ai dama Bakano ba ya sayen abu sai wanda ya mutu a hannun mai shi, ya zaro tasa, ya kira Zariya, sannan ya miƙo mini, don ni ne mai gida, ni ke gabatarwa. Na karɓa. Na yi ta cewa ga wani ɗan'uwa, ga wani maƙwabci, mutane suna kallona. Da na zo kan Baba na ce ga wani dattijo ku gaisa. Tsohon nan ya karɓi waya ya ɗaga murya, don kunnensa ya yi nauyi yana zaton na kowa ma haka yake, ya ce yau Iliya ya manta sunansa, to shi ne Ɗan'inna na Damagaram, sunan yanka wane ɗan wane, kuma duk wanda ya zo ziyara ya neme shi kusa da ƙofa kaza ta Harami, nan yake shimfiɗa asawakinsa bayan azahar. Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni na tashi na shiga banɗaki.

Na juya maganar ta kowace fuska. In na gaya wa mutum ɗaya, ko Sani ne, kafin la'asar ya tura saƙon murya gida yana cewa ga abin da ake ciki amma kada a gaya wa kowa, kafin magariba ya zagayo Madina, kuma duk ta cikin wayoyin nan zai bi. In na koma na ce musu ba zan yi ba, to watan nan da babban ya ambata yana tafe, ku da aka haifa a nan ba ku san ko hanyar Bichi ba. In na yi shiru na ci gaba, na zama mai kiwon mutane da tuwo ina miƙa su ɗaya bayan ɗaya, kuma Baba ne farko. A kan hanyar Khaibar abin ya zo mini, ina bayan wata tankar ruwa da ta ƙi ba ni hanya. Mutanen nan ba za su yarda na daina ba sai sun ji da kunnensu cewa jama'a ce ta guje ni. Taron sai ya mutu, kuma sai ya mutu da dalilin da kowa zai ɗauki waya ya ba da labarinsa da zuciya ɗaya. Ba abin da Bahaushe ke yaɗawa da sauri kamar wulaƙancin abinci.

Ban gaya wa Ummanku ba, na bar ta ta tuƙa tuwonta kamar kullum. Ana sallame Juma'a na riga kowa dawowa, na tsaya a saman matattakala. Sani ne a gaba, mutane a bayansa, ya fara kiran bawansa Bakano. Ban mayar masa ba. Na ce gidana ba gidan sadaka ba ne, shekara da shekaru suna cinye ni ba wanda ya taɓa tambayar yadda nake yi, daga yau kowa ya je ya ci a gidan ubansa. Sani ya yi dariya ya ce yau wasan da zafi, ya ɗago ƙafa zai wuce ni. Na ga in ban kai wuƙar ƙashi ba za su mayar da abin raha su shige. Baba Ɗan'inna yana can ƙasa yana hawowa a hankali, hannu ɗaya a bango. Na dube shi na ce har da shi, tsufa ba hujjar kwaɗayi ba ce.

Ya tsaya ya mayar da numfashi. Bai yi fushi ba, da ma ya yi.

"Allah ya ba da haƙuri, Iliya. Mun ci, mun gode. Wanda muka ci a baya a yafe mana."

Ya juya, Sani ya sauka ya riƙe masa hannu, bai sake kallona ba. Matan da suka riga suka shiga ɗaki suka fito ɗaya bayan ɗaya suna gyara mayafi, suka ratsa ta gefena ba sallama. Ummanku ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta zuba tuwon a kwanuka ta aika wa maƙwabtanmu 'yan Pakistan da ba su san yadda ake cinsa ba, sauran muka yi ta ɗumamawa har kuka gaji. Sai da ta gama wanke tukwane ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, bakin naka ne, amma maganar ba taka ba ce. Ba zan tambaye ka ba."

Har yau ba ta tambaya ba. Kuma ita ta fi kowa biya, don ni ina da hanya da mota, ita matan nan su ne danginta a ƙasar nan, daga ranar ba wadda ta sake hawa matattakalarmu, ko biki ake sai dai ta ji a bakin wasu. In kun gama karanta wannan ku karanta mata, idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Ku bar wayoyinku a mota kafin ku fara.

Ba a daɗe ba aka sake kirana ofishin. Abu Nayif ya ce layina ya yi shiru. Na ce mutanenmu butulai ne, mun ɓata. Ya ce sun sani, sun ji, ya fara lissafa mini sunayen da ake kirana da su a waya daga nan har Maraɗi, wasu ma sai da ya tambaye ni ma'anarsu. Babban ya daɗe yana kallona, sannan ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Abu Nayif ya rako ni har inda ake mayar wa mutum wayarsa. Kafin a miƙo mini ita ya yi magana da Hausa, karo ɗaya ke nan da na ji ta a bakinsa, a karye kamar taku.

"Kakata ma haka take miƙa waya. Ga wane, ga wance. Tafi, Kawu."

Ban san ko tausayi ba ne ko gaya mini yake ya gane abin da na yi. Watan igama ya zo ya wuce ba a sabunta ba, kafilina ya ce abin ya maƙale a sama, bai san dalili ba. Na yi ta tuƙi da takarda matacciya, na ɗaure mana kaya a zuciyata ban san sau nawa ba. Daga baya ta fito, ba bayani, kamar yadda ta maƙale ba bayani.

Abin da ban lissafa ba shi ne, tuwo ba ya mutuwa, gida yake canzawa. Kafin wata ya ƙare taron ya koma gidan Sani. Na tsame hannuna, ban tsame kowa ba. Wata rana na daure na je inda Baba ke shimfiɗa tsummansa, na tsuguna kamar mai zaɓen asawaki, na ce masa ƙasa-ƙasa ya rage magana a waya. Bai ɗago ba, ya ce wanda ya hana shi tuwo yanzu kuma gaisuwa zai hana shi. Na tashi na tafi. A shekarun da suka biyo an mayar da wasu daga cikin 'yan taron gida. To amma kullum ana mayar da mutane gida, ban isa in ce ga dalili ba, kuma rashin sanin nan shi ke hana ni sakewa har gobe.

Baba dai Allah ya cika masa burinsa, a Madina ya rasu. Ba wanda ya gaya mini, a bakin wani mai shago na ji. Na je aka sallace shi bayan la'asar, aka ɗauko shi zuwa Baƙi'a. Kun san yadda ake yi, makara tana tafiya ana canza kafaɗa, wannan ya saki wancan ya karɓa. Na kutsa na sa kafaɗata, sai na ga Sani ne a gabana. Ya rame, ƙeyarsa duk furfura. Mun yi shekaru ba mu yi magana ba. Bai juyo ba, ya dai rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Bakano, kai ka iya rufe ƙofa. Ni na kasa."

Nan na gane shi ma sun kai shi ɗakin nan mai sanyi. Wani ya karɓi wurinsa, ya ɓace cikin jama'a. Ban bi shi ba. Wayata tana aljihuna, tasa tana nasa. Muka zuba ƙasa, aka yi addu'a, kowa ya kama gabansa. Har yau ana cin tuwo a gidansa ranar Juma'a, kuma an ce shi ke miƙa wayar.